Shekarar da Na Yi Ina Kallon Ƙafa

Duk Sallar da kuka taru a gidan nan na Lajifarani, da an ci an ƙoshi sai wani ya tono maganar koloni. Yayanku ya gyara zama, ya ce shi ne yaron da uwarsa ta hana shi zuwa inda abokansa suka je, kuma wai sau ɗaya tak a duniya ya taɓa jin sunansa a bakina, shi ma cikin faɗa. Ku yi ta dariya, ni ma in taya ku, in ce a miƙo mini goro. To, na gaji da wannan dariyar. Rabin labarin yake ba ku, rabin ma ya karkatar da shi wajen da ya fi masa daɗi. Tun da Allah ya sa na koyi boko da tsufana, bari in ajiye muku ɗaya rabin kafin hannuna ya soma rawa.

Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ina ganin 'ya'yanku mata suna rungume ɗan farinsu a gaban surukai, suna kiran sunansa har maƙwabta su ji. Mu a gidanmu na Jugu ba haka aka tashe mu ba. Ɗan fari ba kya kiran sunansa, ba kya yabonsa, ba kya nuna kin damu da shi. In ya faɗi, wani ne zai ɗaga shi, ke kuwa ki kau da kai. Iya, mahaifiyar babanku, tana zaune tare da mu a nan Paraku, kuma ita ce mai yaron: ita ke masa wanka yana ƙarami, ita ke jin kukansa, a ɗakinta yake kwana. Ni in ina son aikensa sai in ce, "Kai, mutumin nan." Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, ban taɓa jin cewa wani abu ya ragu ba.

'Yan shekaru ne bayan Turawa sun sauka daga mulki, ƙasar tana Dahome tukuna, kowa sabon abu yake so. Malaman lakwal, wato makarantar boko, suka fito da wani abu wai shi koloni: in an yi dogon hutun damina, a kwashi yara a kai su bayan gari mako uku, su kwana tare, su yi wasanni, su ga ƙasarsu. Yaron ya shigo da takarda daga malaminsu, Mushe Andire (mushe shi ne malam a bakin masu Faransanci), wani mutumin kudu mai fara'a, kullum rigarsa a goge. Wuri biyu aka ba iyaye su zaɓa, duka a kusa da Jugu. Na farko a gindin wasu duwatsu ne bayan Onkulu, za a kafa tantuna a bakin tafki, a hau dutse, a yi iyo. Na biyu a Kolokonde, a cikin ajin lakwal za a kwana, a dasa itatuwa, a buga ƙwallo, a kai su kasuwar Jugu su ga masaƙa da marina. Ba sai na faɗa muku wanda yara suka so ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga tashar jirgin ƙasa inda yake aikin awon kaya, ya karanta takardar a tsaye.

"Ai babu abin zaɓe a nan," in ji shi. "Inda abokansa za su, can za shi."

Iya ta ce, "Ni dai a ba shi bargo, wajen dutse da sanyi."

Ni ba a tambaye ni ba, kuma bai kamata a tambaye ni ba. Amma kalmar tafkin nan ta tsaya mini a rai. Washegari na ce wa babanku ina so in je Jugu in duba Baba, mahaifina.

Kaɗan daga cikinku ne suka riski Baba. Ɗan madugu ne, tun yana yaro yake bin ayarin goro zuwa Gwanja, kafin motoci su kashe hanyar. Lokacin da nake ba ku labari idonsa ya yi rauni, kullum yana zaure, buhun goro a gefe yana yayyafa wa ganyen ruwa, ko da babu mai saye. Na gaishe shi, na kawo zancen koloni kamar a cikin hira, kamar ba ɗana ake magana ba. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena.

"Ladi, wa ya ga zangon?"

"Malamansu sun gani, Baba."

"Su dutse suka gani da inuwa. Ina tambayarki wa ya ga ruwan."

Sai ya janye ƙafar wandonsa, ya kama hannuna ya ɗora a idon sawunsa. Tabo uku ne a jere, kowanne ya lotsa. Kurkunu ne. Ku ba ku san shi ba, kuma ina roƙon Allah kada ku sani. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, ana shanta a ruwan tafki ba a ganinta. Ta kwanta a jikin mutum shekara guda cur babu alama, babu maganin da zai taɓa ta, sannan ta fasa fatar ƙafa ta leƙo. Daga nan sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, mutum yana kwance yana jin kamar an ɗora masa garwashi. In ta tsinke a ciki, ƙafar na iya lalacewa har abada.

"Mahaifina bai taɓa sauke ayari ba sai ya tura mutum gaba," in ji Baba. "Kuma ba a tambayar mai gari, don babu mai garin da zai ce ruwansa ba shi da kyau. Ki nemi hanyar da mata ke bi su ɗebo ruwa. Ki zauna, ki rufe bakinki, ki dubi ƙafafu. Fuska ba ta dame ki ba."

Ranar kasuwa na bi matan da suka kawo doya, muka hau kamyo, babbar motar kaya, har Onkulu, sauran tafiyar da ƙafa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen kirki ne, har gyaɗa suka ba ni. Kuma gaskiya wurin yana da kyau. Duwatsun baƙaƙe, ciyawa shar, tafkin a kwance a gindinsu yana ƙyalli, iska mai daɗi. Da ni yarinya ce, ni ma nan zan so. Na samu gindin wata kaɗanya a bakin hanyar ruwa na zauna kamar mai hutawa. Mace ta farko ta wuce lafiya lau, ta biyu ma haka, har na fara jin kunyar kaina, na ce Baba ya tsufa ya sa ni wahalar banza. Ta uku tana ɗingishi, da tsumma ɗaure a ƙwaurinta. Bayanta wani magidanci a kan sanda, a tsakiyar damina, lokacin da ya kamata a ce yana gona. Sai wata budurwa ta zo ta ajiye tulunta, ta kwance ƙyallen ƙafarta, na ga tsinken da farin zaren a naɗe. Ta shiga tafkin har gwiwa ta tsaya, ta lumshe ido don sanyin da ta ji. A gefenta wata tana cika tulun ruwan sha.

Kwana biyu bayan haka na je Kolokonde. Babu abin kallo ko kaɗan: ajujuwa uku masu rufin kwano, fili, awaki, da wata bishiyar mangwaro. Amma a bayan lakwal ɗin akwai rijiya mai bakin siminti da murfin katako, guga ɗaya rataye. Na zauna daga hantsi har azahar. Ƙafafun faso ne da kaushi da lakar gona, tsumma kuwa ko ɗaya ban gani ba. Wata tsohuwa da aka ce ita za ta dafa wa yaran abinci ta fatattaki wata mata da ta zo za ta zura nata gugan mai datti, ta bi ta da masifa har bakin hanya. Na ji tsohuwar nan ta kwanta mini a rai. Da na koma yi wa Baba sallama, ya sa aka ɗauko tsohon rawaninsa, fari, mai laushi, ya yage kamu guda.

"A ninka shi biyu a ɗora a bakin ƙwarya, a tace kafin a sha. Ba ya tare komai da komai, amma mu da shi muka yi ta zuwa Gwanja muna dawowa."

A gida na faɗa wa babanku abin da na gani. Ya ce to, Kolokonde. Shi ya gaya wa yaron, har da bayanin kurkunu, amma yaron abu ɗaya ya ji: uwarsa ta je ta ɓata masa hutu. Ina tuƙa tuwo na ji shi a ƙofar ɗakin Iya, ya ɗaga murya yadda zai iso gare ni.

"Iya, ita da ko sunana ba ta sani ba, yaya aka yi yau ta san inda zan kwana?"

Iya ta tsawata masa. Ni kuwa na ci gaba da tuƙi har tuwon ya yi tauri. Maganar ta soke ni, kuma har yau in na tuna ina jin wurin.

Na je wajen Mushe Andire da kaina. Ya ba ni kujera, ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Madam, kada ki damu, za mu dafa ruwan sha, mun tanadi tukwane." Na ce yaran nan duka suna iyo a tafki, wa zai bi kowanne ya rufe masa baki? Ya yi murmushin da masu ilimi ke yi wa irinmu, ya rubuta sunan yaron a takardar Kolokonde. Da na dawo na leƙa gidan maƙwabciyata Maman Idi, wadda ɗanta Idi ne babban abokin yayanku. Na faɗa mata duk abin da na gani.

"Haba Ladi," ta ce tana dariya, "yanzu kin fi mushe sani ke nan? Mutanen da suka yi karatu har bakin teku? Ku 'ya'yan fatake, ko'ina kuka je sai kun binciki ruwan mutane."

Na ji haushi, na ɗauki mayafina na fita, ban sake komawa da maganar ba. Wannan shi ne laifina a labarin nan, kuma ban ɓoye shi ba. Da na haɗiye haushin na koma sau biyu, sau uku, na ja ta mun je wajen mijinta, wataƙila da ta ji. Ƙyallen Baba kuwa na ba Iya, ita ta sa masa a jaka ta yi masa bayani. Ya tafi bai ko dubi inda nake ba.

Bayan mako uku ya dawo ya yi baƙi, ya yi ƙiba, ya dasa itatuwa, ya iya waƙoƙin Faransanci. Na yi hamdala a zuciya. Da la'asar yana zaune a tsakar gida yana ba ku labari, ke Hadiza kina tsugune a gabansa baki buɗe, sai na ji ya ce a makon ƙarshe an ɗebe su a kamyo an kai su wancan kolonin na bakin tafki, sun buga ƙwallo da su Idi, sun wuni a can, sun ci su biyu da ɗaya, rana kamar ta kashe mutum. Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin miya. Babanku ya kira shi.

"Ka sha ruwan wurin?"

"Na sha mana, Baba. Na tukunya ya ƙare, kowa tafki ya je."

Ya faɗa yana satar kallona, kamar wanda ya rama. Ni ban yi tambaya ba. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni, amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, har da tsoro. Ya riga ya ce ya sha, kuma duk abin da zai ƙara ba zai fitar da ruwan daga cikinsa ba.

Daga ranar na shiga shekarar da ban taɓa yin irinta ba. Babu magani, babu likitan da zai ce maka akwai ko babu, sai jira. Ga shi ba ni da ikon in kira shi in ce miƙo ƙafarka. Sai na koma dabara. Na mayar da butar alwala kusa da murhu, don in yana wanke ƙafa in gani ta ƙasan ido. Na rage wa wandunansa tsawo, na ce yadin ne ya ƙanƙance a wanki. Na ba Hadiza man kaɗanya na ce ta shafa wa kowa a ƙafa kullum da safe, sannan in ja ta gefe in ce, ba ki ga wani ƙurji a ƙafar kowa ba? Kun sha tsokanata da shekarar man kaɗanya, kuna cewa Inna ta so ta mai da ku soyayyar doya. To ga dalilin. Na koma na san sawunsa fiye da fuskarsa. Yana shigowa gida, in ji tafiyarsa tun daga zaure, in auna ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi. Shekarar ce kuma zai zauna jarrabawar satifika ta gama firamare da farkon damina, daidai lokacin da abin ke fitowa.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, sai Idi ya kwanta. Guda biyu a ƙafar hagu. Bayansa wasu yaran unguwa da suka je tafkin. Ina jin kukan Idi ta katanga in ana naɗe masa. Wata biyu ina kai wa uwarsa kunu, muna zama muna kallon ƙasa. Ba ta taɓa cewa na faɗa mata ba, ni ma ban taɓa cewa ba. Mushe Andire ya zo dubiya, na ga mutumin ya rame, rigar ma ba guga. Ba mugu ba ne, a garinsu famfo ya tashi ya gani. Idi bai zauna jarrabawa ba a shekarar. Kun san shi, Alhaji Idi mai gareji. Ku lura da yadda yake jan ƙafar hagu in zai hau matakala.

Saura kwana tara jarrabawa, wata safiyar Talata, ina tankaɗe a tsakar gida. Iya tana bakin ƙofarta da carbi, babanku yana ɗaura agogo zai fita. Yaron ya fito daga ɗaki yana ɗingishi, idon sawunsa na dama ɗaure da ƙyalle. Ban san lokacin da rariyar ta bar hannuna ba.

"Sanusi!"

Iya ta tsaya da jan carbi, babanku ya juyo, ku ƙanana kuka leƙo. Shi kansa yaron ya daskare, don bai taɓa jin sunan da muryata ba. Na isa gare shi, na durƙusa a ƙasa a gaban ɗan cikina, na kama ƙafar, ina kwance ƙullin. Ina ta cewa, tun yaushe, tun yaushe, me ya sa ba ka faɗa ba? Wannan shi ne faɗan da yake ba ku labari. Ƙyallen ya warware. Babu ƙurji, babu kumburin nan mai ruwa da na yi shekara ina mafarkinsa. Ƙujewa ce, fata ta saɓule, jini ya bushe.

"Inna, dutse na buga jiya wajen ƙwallo," ya ce a hankali.

Na danna gefen ciwon, na shafa ƙwaurin har gwiwa, na kama ɗaya ƙafar ita ma na duba. Sumul. Sai a lokacin na dubi abin da ke hannuna. Yadi ne fari mai laushi, yagagge a gefe guda, a tsakiyarsa wani zagayen tabo ruwan ƙasa wanda wanki bai fitar ba, faɗinsa daidai bakin ƙwarya.

"Wannan na Baba ne," na ce.

"Shi ne. Da shi na sha a tafkin ranar. Na ninka biyu yadda Iya ta ce. Suka kewaye ni suna dariya, wai ga madugu ya sauka zango."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Babana ya tambaye ni ko na sha, na ce na sha. Ke kuma ba ki tambaye ni ba."

Yanzu kun san inda sunan Yaya Madugu ya samo asali. Shi ya ce muku wai don shi ke jan 'yan ƙwallo ne. Ƙarya yake yi.

Na zauna daɓas a ƙasa cikin garin da ya zube, ƙafarsa a cinyata, dariya da kuka suka zo mini tare, ban iya raba su ba. Wani nauyi da na yi wata goma sha ɗaya ina ɗauke da shi ya sauka, har na ji yunwa a karon farko da safe. Babanku ya yi gyaran murya ya fice, wai zai makara. Iya ta dube mu ta dube mu, sannan ta ce, "Ladi, sakar masa ƙafa, yara na kallo." Na ce to, Iya. Ban saka ba sai da na wanke ciwon da ruwan gishiri na ɗaure shi da wani tsumman, na ninke na Baba na sa a ƙugu. Ya zauna jarrabawarsa ya ci. Daminar ta ƙare, wata ta zo ta wuce, babu abin da ya fito. Da na kai wa Baba labari, abin da ya ce kawai shi ne, ashe yaron yana jin magana, sannan ya nemi a ba shi goro.

Bayan ranar na koma "mutumin nan" kamar yadda aka tashe ni, shi ma ya koma amsawa, ba mu sake tayar da zancen ba. Amma kai da kake karanta wannan da gilashi a hanci, da furfura har a gemu, ka ji da kyau. Sanusi, ba faɗa ba ne, tsoro ne, kuma na fi jin tsoron nan a kanka fiye da a kan kowa a gidan nan. Ga sunanka na rubuta da hannuna, ka daina ce wa ƙannenka sau ɗaya. In ka zo Sallar bana, ka cire takalmi ka zauna kusa da ni. Har yanzu in ka shigo, ƙafarka nake fara dubawa.